Daga Tabarmar Wanzami Zuwa Kujerar Likitan Haƙori: Tarihin Zaman Aiki

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin yadda mai gyaran haƙori yake zama lokacin aiki, mu kuma nuna cewa sauyin kayan aiki kaɗai bai raba shi da ciwon baya da na wuya ba.

2.0 Zamanin Wanzamai

Kafin zuwan asibiti, a garuruwa irin su Dawakin Kudu da Kura da Bunkure, wanzami ake kai wa kukan haƙori. Yakan zauna bisa tabarma, ko ya tsuguna, ya sunkuya kan marar lafiya. Sai dai aikinsa gajere ne, yana kuma yawo gida-gida da zabirarsa, saboda haka jiki ba ya daɗewa a ƙage. Ɗansa kuwa tare yake koyon zama da riƙon aska.

3.0 Zuwan Kujera

Likitancin haƙori na zamani daga Turai ya zo mana, tare da matsalarsa. Tun a 1700 Bernardino Ramazzini, likita ɗan Italiya, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'a, inda ya nuna illar daɗewa a tsaye ko a zaune. Duk da haka, a tsaye kuma a karkace likitocin haƙori suka ci gaba da aiki. A 1958 John Naughton ya ƙera, a Amurka, kujerar da ke kwantar da marar lafiya, likita ya sami damar zama. A shekarun 1960 Jami'ar Alabama ta bunƙasa tsarin aiki da hannu huɗu, wato mataimaki ya riƙa miƙo kayan aiki. Amma a wannan lokacin ne Alf Nachemson na ƙasar Suwidin ya auna, ya tarar cewa zama a sunkuye ya fi tsayuwa matse faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya.

4.0 Ƙasarmu

An buɗe makarantar likitocin haƙori ta farko a Nijeriya a Jami'ar Legas a 1966. A 1977 Jihar Kano ta kafa Makarantar Kimiyya ta Dawakin Kudu don share wa yara fagen karatun likita da makamantansa, sannan aka kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 1988. Da yake likitocin haƙori ƙalilan ne a karkara, in ciwon baya ya kwantar da guda ɗaya, gunduma ce sukutum ta yi rashi.

5.0 Kammalawa

Bisa ga wannan tarihi, muna ganin wajibi ne a koya wa ɗalibi zama tun ranar da ya fara riƙe kayan aiki: ƙafafu biyu a ƙasa, baya a miƙe, gwiwar hannu kusa da jiki, a duba da madubi maimakon leƙe, a kuma riƙa miƙewa tsakanin marasa lafiya. Hausawa dai sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.