"Dispatch": Kalmar Turanci mai ɗauke da aike da gaggawa da kisa

Duk wanda ya taɓa sayen kaya ta intanet a Birtaniya ya san saƙon nan da ke shigowa waya cewa an yi "dispatch" ɗin kayansa. Sabon zuwa kan ɗauka kayan sun iso ƙofar gida, alhali sun dai bar rumbun ajiyar kamfani ne, sun kama hanya.

Wannan ma'ana ɗaya ce kawai cikin da dama da kalmar ke da su, kuma rikita su kan juya labari gaba ɗaya a hannun mai fassara.

Asalinta

Kalmar ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 16, daga "despachar" ta Sifaniyanci ko "dispacciare" ta Italiyanci, masu nufin hanzarta abu a sallame shi. Ana kuma rubuta ta "despatch", rubutun da ya bazu bayan Samuel Johnson ya sa shi a ƙamusunsa na 1755. Duk ma'anoninta suna komawa ga tushe guda: kawar da abu daga gabanka ba tare da jinkiri ba.

Aike da saƙo

Ma'anar da aka fi sani ita ce turawa, ko na kaya ko na sojoji ko na motar asibiti. Wanda ke tura 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana idan an kira lambar 911 a Amurka sunansa "dispatcher". Daga nan ne kuma 'yan babur masu kai saƙo a Legas da Abuja da Accra suka samo sunan "dispatch rider", wanda da can na sojoji masu kai wasiƙu a fagen daga ne.

Saƙon kansa ma sunansa ke nan, musamman na hukuma ko rahoton wakilin jarida daga wata ƙasa. Wanda ya fi shahara a tarihi shi ne "Ems Dispatch". A ranar 13 ga Yulin 1870, Otto von Bismarck ya datse wani saƙon waya game da ganawar Sarki Wilhelm na Farko na Prussia da jakadan Faransa, ya sake shi ga jaridu ta yadda kowane ɓangare ya ga an ci masa mutunci. Bayan kwana shida Faransa ta shelanta yaƙi.

A rundunar Birtaniya, sojan da aka ce an ambace shi cikin "despatches" shi ne wanda kwamanda ya sa sunansa a rahoto saboda bajinta. Akwatuna biyun da firaminista da jagoran 'yan adawa ke tsayawa gabansu a majalisar wakilan ƙasar kuwa, "despatch box" ake kiransu. Kyautar New Zealand ce, bayan bama-baman Jamus sun rusa zauren a 1941.

Gaggawa da kisa

Idan Bature ya ce an yi aiki "with dispatch", yana nufin an yi shi cikin hanzari da ƙwarewa. A labarin wasanni, ƙungiyar da ta yi "dispatch" ɗin abokiyar karawarta lallasa ta ta yi.

Ma'ana mafi nauyi ita ce kisa, na abokin gaba ko na dabbar da ta ji mummunan rauni. A nan Hausa da Turanci sun yi tarayya, domin mu ma muna cewa an aika mutum lahira, ko an gama da shi.

Abin lura ga mai fassara shi ne abin da ya biyo bayan kalmar. Idan an ambaci wurin da aka dosa, turawa ake nufi. Idan ba a ambaci wuri ba, kuma maganar faɗa ake yi, to wanda aka yi "dispatch" ɗinsa ba zai dawo ba.