Yadda Kwamfuta Ta Leƙa Cikin Ƙasa

Yau tarihin wata gardama za mu bi: me ke tura nahiyoyi?

A 1912 Bajamushe Alfred Wegener ya ce nahiyoyi suna tafiya. Masana suka yi masa caa, musamman Harold Jeffreys na Jami'ar Kambirij, wanda ya ce dutsen da ke ƙasa ya yi tauri, babu ƙarfin da zai ja nahiya a kansa. A ƙarshen shekarun 1920 Arthur Holmes ya kawo amsa: zafin cikin ƙasa yana juya dutsen da ke ƙarƙashin ɓawonta, mai zafi ya hau, mai sanyi ya nutse, kamar kunu a kan murhu. Sai dai wannan kunun santimita kaɗan yake motsawa a shekara.

To wa zai tabbatar? Wannan sashe ya kai zurfin kilomita 2,900, alhali rami mafi zurfi da aka taɓa haƙawa, na Kola a Rasha, kilomita 12 ne da ɗoriya. Lissafin ma ya fi ƙarfin biro, domin zafi yana canza laushin dutse, laushin ya canza motsi, motsin ya dawo ya canza zafin.

Dabarar da aka samo ita ce a yanka cikin ƙasa zuwa ƙananan murabba'ai, kwamfuta ta lissafa zafi da motsin kowanne daga na maƙwabtansa, ta matsa lokaci gaba kaɗan, ta maimaita. A 1974 Dan McKenzie da Jean Roberts da Nigel Weiss suka yi haka a kan yanki guda shimfiɗaɗɗe. A shekarun 1980 John Baumgardner ya rubuta manhajar TERRA, wadda ta ɗauki duniyar a dunƙule.

A ganina babban mataki na 1989 ne. Kwamfuta fa tana iya zana hoto mai kyau da lissafi na kuskure, kuma babu wanda zai sauka ya duba. Sai ƙungiyoyin masana suka ba manhajojinsu matsala iri ɗaya, suka kwatanta lambobin da suka fito, aka buga da sunan Blankenbach a gaba. Har yau sabuwar manhaja sai ta ci wannan jarrabawa kafin a yarda da ita.

A wannan shekarar Jeffreys ya rasu, bai taɓa yarda cewa nahiyoyi na motsi ba.