Tarihin Ƙidayar Kalori, Daga Ƙanƙarar Faris Zuwa Tashar Jiragen Ruwa ta Abijan

Agogon hannu na zamani, irin su Fitbit da Apple Watch, yakan nuna wa mai shi adadin kalorin da jikinsa ya ƙone a yini. Mutane da yawa sukan ɗauki adadin tamkar awon mudu, har su tsara cinsu a kansa. Alhali kuwa agogon ba ya auna kalori kai tsaye. Kintace yake yi, kuma kintacen yana da tarihi.

Tarihin ya faro ne a Faris. A hunturun 1782 zuwa 1783, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace suka sanya ɓeran masar a cikin wani akwati da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna ruwan da zafin jikinsa ya narkar. Da haka suka nuna cewa numfashi wani nau'i ne na ƙonewa sannu a hankali. A ƙarshen ƙarni na 19, Wilbur Atwater ya gina wani ɗaki a Jami'ar Wesleyan ta Amurka, inda mutum kan kwana ya yini ana auna zafin da jikinsa ke fitarwa. Da yake ba kowa za a iya shigarwa irin wannan ɗaki ba, a 1919 Harris da Benedict suka wallafa ƙa'idar lissafi mai kintata abin da jiki ke ƙonewa a lokacin hutu, ta hanyar duba nauyi da tsayi da shekaru da jinsi. Mutum 239 suka dogara da su, akasarinsu fararen fata na Amurka.

Wannan gado agogon yau ya ci. Yakan karɓi waɗancan bayanai huɗu, ya haɗa su da motsin hannu da wata 'yar na'ura ke ji, da kuma bugun zuciya da yake karantawa ta hasken kore a kan fata. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada na'urori bakwai a jikin mutum 60. Shida daga ciki sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Amma a kan kalori, wadda ta fi sauran dacewa ta kauce da kashi 27, mafi muni kuwa da kashi 93.

Wurin da ya fi tona asirin wannan kintace shi ne inda ake aikin ƙarfi, kamar tashar jiragen ruwa ta Abijan. An kammala haƙa mashigin Vridi a 1950, aka buɗe tashar a 1951, sai 'yan ci-rani daga Nijar da sauran ƙasashen Sahel suka cika unguwannin Treichville da Adjamé. Daga cikinsu akwai Oumarou Ganda, ɗan Nijar da ya yi dako a tashar kafin ya fito a fim ɗin Jean Rouch na 1958, daga bisani ya zama mai shirya fina-finai. Ɗan dakon da ya ɗora buhun koko mai nauyin fiye da kilo 60 a ka, hannunsa yana riƙe da buhun, ba ya lilo. Haka ma mai tura baro a kasuwar Adjamé. Na'urar da ke jiran lilon hannu sai ta ɗauka mutumin yana hutawa, gumi kuwa na tsiyaya. Idan aka koma ga bugun zuciya, zafin rana da ƙishirwa kan ɗaga shi ko da aikin bai ƙaru ba.

Jiki ma yakan saɓa wa lissafi. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 1986 ya gano cewa matan Luo da Kikuyu na Kenya suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu a ka, ba tare da ƙarin ƙone kalori da za a iya aunawa ba.

Saboda haka, adadin da agogo ke nunawa yana da amfani wajen kwatanta jiyan mutum da yau ɗinsa, muddin agogon ɗaya ne, aikin ma iri ɗaya. Amma wanda yake rage ƙiba, ko mai ciwon suga da ke lissafin abincinsa, idan ya ƙara loma saboda agogo ya ce ya ƙone kaza, yana iya cin abin da jikinsa bai ƙone ba.