Dutsen Afirka, Ma'aunin Wasu: Tarihin Fataucin Lu'ulu'u

Duk lu'ulu'un da ake haƙowa a faɗin duniya cikin shekara ɗaya, in aka tara shi wuri guda, tirela ɗaya daga cikin masu bin kwaltar Dosso zuwa Dogon Dutsi ta ishe shi. A shekarar 2023 an haƙo karat miliyan 111 da 'yan kai. Karat biyar ne ke yin giram ɗaya, ke nan abin bai wuce tan 22 da ɗoriya ba. Amma kuɗin wannan ɗan lodi, tun yana ɗanye ba a feƙe shi ba, ya haura dala biliyan 12. Rashin nauyi da tsananin tsada su suka raba tarihin lu'ulu'u da na gyaɗa ko auduga ko yuraniyom. Haja ce da mutum zai ƙulle a haɓar riga ya tsallake iyaka uku ba wanda ya sani, shi ya sa gwamnatoci da kamfanoni suka shafe shekaru ɗari suna zargin duk baƙon da suka gani kusa da rami.

Ƙasar Arewa ta Nijar ba ta da wannan dutse, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Daga Matankari zuwa Tibiri da Gecheme, abin da ke shimfiɗe yashi ne da marmara da laka, waɗanda tsofaffin tekuna da koguna suka jibge cikin babban kwarin da masana ke kira Iullemmeden. Lu'ulu'u kuwa can cikin ƙasa yake samuwa, zurfin kilomita 150 ko fiye, sai aman wuta irin na zamanin da ya turo shi sama ta cikin duwatsu mafiya tsufa. A yammacin Afirka irin waɗannan duwatsu suna Gini da Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa da kudancin Gana. Dallol Mauri ya ba mutanensa ruwa kusa da rijiya mara zurfi, kwaruruwan kudu sun ba da gishiri da kanwa. Abin da ya haɗa mu da ƙasashen lu'ulu'u hanya ce.

Hanyar ta girmi zuwan Nasara. Fataken Hausa sun daɗe suna ƙetare Kwara su nufi Gwanja, su sauke kanwa da tufafi a kasuwar Salaga, su ɗauko goro. Da Faransa ta kafa mulki, ta ɗora haraji da aikin tilas, sai hanyar fatauci ta koma hanyar ci-rani. Yunwar 1931, wadda fara ta jawo a yammacin Nijar, ta ƙara ingiza samari. Ana gama girbi sai Zabarmawa da Arawa da mutanen Adar su saɓa sanda su nufi Kurmi, wato Gold Coast, Gana ta yau, inda kuɗin Ingilishi ya fi auki. Bafaranshe mai bincike Jean Rouch ya bi sawunsu a farkon shekarun 1950, ya wallafa bincikensa a 1956, ya kuma ɗauki fim ɗin Jaguar a kan tafiyar samari uku daga bakin Kwara zuwa Ankara. Mafi yawa dako suka yi, da aikin koko, da sayar da katako da tsummokara a kasuwar Kumasi. Wasu kuma ƙafa ta kai su garuruwan ma'adinai, suka sauka a zango, inda Hausa ce harshen ciniki da na masallaci.

A 1919 ne Albert Kitson, shugaban ma'aikatar binciken ƙasa ta Gold Coast, ya tsinci lu'ulu'u a kwarin kogin Birim. Ba a jima ba kamfanin CAST, wanda aka kafa a 1924, ya mamaye Akwatiya da injuna da shinge da masu gadi. Duwatsun Gana ƙanana ne, yawancinsu na aikin masana'antu, amma suna da yawa, kuma suna kwance cikin tsakuwa kusa da doron ƙasa. Duk mai shebur da rariya yana iya gwada sa'arsa. Zuwa shekarun 1950 masu haƙa da hannu, waɗanda da yawansu baƙi ne daga Najeriya, musamman Yarbawa, sun kai ga yin kafaɗa da kafaɗa da kamfanonin Turawa wajen yawan abin da ake fitarwa. Wajen 1960 Gana tana fitar da karat kusan miliyan 3 a shekara, tana cikin sahun gaba a duniya ta fuskar yawa.

Yadda aikin yake bai canja ba har yau, kuma a nan ne asirin rabon yake. Leburori za su kwashe ƙasar sama, wani lokaci tsayin mutum biyu ko uku, har su iske tsakuwar. Su yi ta kwarfar ruwa daga ramin, su ɗebo tsakuwa su tara, sa'an nan su shiga rafi su yi ta tankaɗe da rariya daga safe har la'asar. Ana iya yin wata biyu ba a ga komai ba. Wanda ke ciyar da su duk tsawon wannan lokaci, ya sayi shebur, ya biya mai ƙasa, ya kai mara lafiya asibiti, shi ne ubangidan rami. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar da dutse ya fito, shi za a sayar wa, kuma shi zai yanka farashi. Lebura bai san yadda ake duba launi da tsabta da siffa ba, ga bashin abinci a wuyansa. Daga ubangida dutsen zai wuce hannun dillali, daga dillali zuwa mai lasisin fitarwa, kowa na ɗora nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To amma shi kansa gardin na bakin rami ƙaramin alhaki ne in aka gwada shi da waɗanda ke zaune a London da Antwerp.

A Saliyo abin ya fi zafi, domin duwatsunta manya ne, na ado. An gano su a yankin Kono a 1930, kuma a tsakiyar shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta miƙa wa kamfani guda, SLST, ikon haƙa a duk faɗin ƙasar har shekara 99. Ɗan ƙasa da ya tsinci dutse a gonar ubansa ya zama ɓarawo a idon doka. A farkon shekarun 1950 shingen ya ɓalle. Dubun dubatar mutane suka kwarara Kono, 'yan ƙasa da baƙi daga Gini da Sudan ta Faransa da Senegal da sauran yammacin Afirka. Duwatsun suka riƙa sulalewa zuwa Monrobiya, inda ake biya da dalar Amurka, har Laberiya ta shiga jerin masu fitar da lu'ulu'u da adadin da ya fi ƙarfin ramukanta nesa ba kusa ba. A 1955 aka biya SLST diyyar fam miliyan ɗaya da rabi da ɗoriya ya saki yawancin ƙasar. A 1956 aka halatta wa 'yan ƙasa haƙa da lasisi, kuma kafin shekarar ta fita Gwamna Maurice Dorman ya ba baƙi wa'adi su tattara. Kimanin mutum 45,000 suka fice. Ba gida suka koma ba. Sun tsallaka Gini, aka sake koro su, suka faɗa Segela a Kwaddibuwa, wasu daga baya suka dangana da Kwango da Afirka ta Tsakiya.

Bayan shekara 13 guguwar ta iso Gana. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, kuma fasa-ƙwaurin lu'ulu'u na cikin laifuffukan da aka jingina wa baƙi. Ɗaruruwan dubbai suka kama hanya, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Togo da Volta, har da waɗanda a zango aka haife su, ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. An sayar da gida da shago a kan kuɗin mota. Ƙauyukan yammacin Nijar sun karɓi nasu rabon, suna bakin shiga farin da ya ƙare da yunwar 1973. Korar ba ta ceto ma'adinan Gana ba. Abin da ake haƙowa ya yi ta raguwa shekara bayan shekara, Akwatiya ta koma garin tsofaffin ramuka. Najeriya ma ta maimaita irin wannan kora a 1983, wannan karon 'yan Gana ne suka ɗauki kaya a ka.

Na baya-bayan nan, kuma mafi muni, shi ne na Afirka ta Tsakiya. A garuruwan Karno da Berberati da Boda da Biriya, masu sayen dutse daga hannun leburori galibi Musulmi ne: Hausawa da Fulani da Larabawan Cadi da mutanen Mali da Senegal, wasunsu kakanninsu ne suka zo. A 2008 gwamnatin François Bozizé ta aika jami'ai suka ƙwace duwatsu da kuɗi da motocin 'yan kasuwar, abin da ya bar ƙullaci mai tsanani a arewa maso gabas. Da 'yan tawayen Seleka suka kama Bangi a watan Maris 2013, aka dakatar da ƙasar daga kasuwar duniya. Da ramuwar gayya ta 'yan anti-balaka ta zo a farkon 2014, unguwannin Musulmi aka fara ƙonawa. A Boda dubban mutane sun shafe watanni a killace cikin unguwa ɗaya. Nijar da Najeriya da Cadi da Mali suka aika jirage suka kwaso mutanensu. Sai a Nuwamba 2024 aka ɗage takunkumin gaba ɗaya.

Wannan takunkumi na tsarin Kimberley ne, wanda ya fara aiki a 2003 bayan yaƙe-yaƙen Angola da Saliyo, inda 'yan tawaye suka riƙa musayar dutse da bindiga. Ya yi amfani, ba a musu, kuma Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya da ya mara wa 'yan tawayen Saliyo baya, yana zaman ɗaurin shekara 50 da aka yanke masa a 2012. Sai dai takardar Kimberley tambaya ɗaya take yi: shin 'yan tawaye ne suka sayar? Ba ta tambayar nawa aka biya wanda ya yini cikin ruwa.

In aka dubi jerin masu haƙowa na 2023, Rasha ce kan gaba da karat kusan miliyan 37, yawancinsu daga yankin Yakutiya, inda aka fara gano ramuka tun 1954 da 1955. Botsuwana na biye da kusan miliyan 25, sai Kanada da kusan miliyan 16, sai Angola da Kwango da Afirka ta Kudu. Duk yammacin Afirka in an haɗa bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Amma jerin masu fitarwa kasuwa daban yake. A can za ka ga Indiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Beljiyam da Amurka da Hong Kong da Isra'ila, yawancinsu ko rami ɗaya ba su da shi. Kusan tara cikin kowane dutse goma a birnin Surat na Indiya ake feƙe shi a goge. Antwerp ta riƙe kasuwar ɗanyen dutse ƙarni da ƙarni, Dubai kuwa, wadda ta buɗe cibiyar cinikinta a 2002, ta kamo ta cikin shekara 20, da sauƙin haraji da kusanci da Afirka da Indiya. Haramcin da ƙasashen G7 suka sa wa duwatsun Rasha daga Janairu 2024 ya ƙara karkatar da ciniki zuwa can. A sama da duk wannan, kusan ƙarni guda kamfanin De Beers, wanda Cecil Rhodes ya kafa a 1888, shi ya riƙa tattara kashi 80 cikin 100 na ɗanyen dutsen duniya, ya ɓoye in kasuwa ta cika, ya saki in ta yi ƙishi.

Ƙasa ɗaya ce a Afirka ta zauna teburin da ake yanka farashi. Botsuwana ta sami 'yanci a 1966 tana cikin mafiya talauci, aka gano Orapa a 1967, aka buɗe Jwaneng a 1982. Shugabanninta suka dage har kamfanin haƙar, Debswana, ya zama raba-daidai tsakaninsu da De Beers. Suka mallaki kashi 15 cikin 100 na De Beers ɗin kansa, suka sa aka ɗauke kasuwar sayarwa daga London zuwa Gaborone a 2013, kuma a yarjejeniyar Fabrairu 2025 rabon da ƙasar ke sayarwa da kanta zai tashi daga kashi 30 zuwa 40 cikin shekara goma, ya kai 50 in an tsawaita ta. Kuɗin ya tafi makarantu da asibitoci da hanyoyi. Duk da haka yau tana cikin matsi. Ana ƙera lu'ulu'u a masana'antun Sin da Indiya, wanda ido ba ya raba shi da na ƙasa, ana sayar da shi da araha ƙwarai. Farashi ya faɗi, Debswana ta rage haƙa, kuma tun 2024 masu De Beers suka sa shi a kasuwa.

Samarin Dogon Dutsi da Tibiri na yau ba Akwatiya suke nufa ba. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014, hanyar ta juya arewa, wasu kuma yamma zuwa Liptako ko ƙetare iyaka. Ubangidan rami yana nan, bashin abinci yana nan, ma'aunin yana hannun wani, kuma yawancin zinariyar Nijar Dubai take sauka, inda duwatsun Afirka ke sauka. A Nuwamba 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa, jihar Maraɗi, ya kashe aƙalla mutum 18. Haƙƙi ne a kan hukuma ta kafa wuraren awo da saye na gaskiya a bakin ramukan nan, ta riƙa sanar da farashin giram a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Tamashek kowace safiya, ta kuma horar da 'ya'yan ƙasa sanin ƙimar abin da 'yan'uwansu ke tonowa.