Makkina, Mashin da Na'ura: Doguwar Tafiyar Kalma

Unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde, matattarar Hausawan babban birnin Kamaru, sunan masana'anta take ɗauke da shi. Da Faransanci, kalmar na nufin wurin yin tubali, domin a nan aka kafa gidan gasa tubali a zamanin Jamusawa, waɗanda mulkinsu a Yawunde ya ƙare a 1916. Masana'antar ta shuɗe, sunan ya zauna. Yau ƙarar kekunan teloli ake ji a lungunanta, kuma idan tela ya juya harshe zuwa Faransanci, "mashin" yake kiran kekensa. A Kano kuwa, in ka ce mashin, babur za a nuna maka.

Tushen kalmar yana can ƙasar Girka, inda "mekhane" ke nufin dabara ko abin ɗaga kaya. Har ƙugiyar da ake ɗaga ɗan wasa da ita a dandalin Atina haka ake kiranta. Rumawa suka ara suka ce "machina". Daga Latin ta rabu biyu: Faransawa suka ce "machine", Ingilishi ya karɓa daga gare su, Italiyawa kuma suka ce "macchina", ana furta ta makkina.

Reshen Italiya ya bi jiragen fatake a tekun Bahar Rum. Turkawa suka ce "makine", Larabawa suka ce "makina". A Habasha, wadda Italiya ta mamaye daga 1936 zuwa 1941, "mekina" mota ce, kamar yadda Ba'italiye ke kiran motarsa. Mu kuwa reshen Ingila da Faransa ne ya iso mana.

Akwai masu cewa a watsar da mashin da inji, a riƙe "na'ura" don ita ce Hausa tsantsa. To, ita ma baƙuwa ce. A Larabci, na'ura ita ce ƙaton gargaren katako mai ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda har yau ke tsaye a birnin Hama na Siriya. Ta dai riga sauran zuwa ne, har ta zama 'yar gida. Ba mamaki jikokin telan Briqueterie su wayi gari suna kare mashin da irin wannan kishi.