UFC 278

UFC 278 gasar faɗan MMA ce da aka yi a birnin Salt Lake City na jihar Utah, Amurka, ranar 20 ga Agusta, 2022. A babban karon daren, Kamaru Usman, haifaffen Auchi a Najeriya, ya fito kare kambunsa na ajin kilo 77 a gaban Leon Edwards na Ingila. Yawancin masu hasashe Usman suka ba nasara, domin ya doke Edwards a 2015. Yana gaba da maki a wurin alƙalai ukun, sai Edwards ya sumar da shi da shuri a ka, saura daƙiƙa 56 a tashi zagaye na biyar. Wannan ya katse nasarori 15 da Usman ya jera a UFC.