Jirgin da ke sauka kafin minti biyu su cika

A can arewacin Sikotland, cikin tsibiran Orkney, akwai wasu ƙananan filayen jirgin sama guda biyu da ke kallon juna, ɗaya a Westray, ɗaya a Papa Westray. Tazarar da ke tsakaninsu kilomita 2.7 ce, wato ba ta kai tsawon babban titin da jirage ke sauka a filin Malam Aminu Kano ba. Nan ake yin tafiyar jirgin fasinja mafi gajarta a duniya: wajen minti ɗaya da rabi, kuma matuƙi Stuart Linklater ya taɓa kammala ta cikin daƙiƙa 53.

Galibi akan ba da labarin ne don raha, amma asalinsa ba abin dariya ba ne. A tsakiyar ƙarni na 19 mutanen Papa Westray sun kusa 400. Daga nan suka riƙa raguwa, har aka wayi gari ba su kai 100 ba. Ƙasar noma ba ta gaza ba. Teku ce matsalar. Idan hunturu ya kama, igiyar ruwa takan hana jirgin ruwa tashi, sai marar lafiya ya zauna jiran likita, ɗalibi ya zauna jiran malami, matasa kuwa su tattara su koma birni.

Kyaftin Ernest Fresson ne ya fara haɗa tsibiran ta sama a 1934, yana sauka a filayen kiwon manoma. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan zirga-zirga, ba a kuma dawo da ita ba sai a 1967, lokacin da kamfanin Loganair ya karɓi aikin da ƙaramin jirgin nan Britten-Norman Islander mai ɗaukar fasinjoji takwas. Shekara kusan talatin ke nan mutanen tsibiran suna dogaro da ruwa kaɗai.

Abin da masu rahar ke mantawa shi ne, babu wanda ya shimfiɗa hanya domin kilomita 2.7. Jirgin daga Kirkwall yake tasowa, babban garin Orkney, ya sauka a tsibiri ɗaya, ya tsallaka ɗayan, sannan ya koma. Gajeren zangon tsakiya ne kawai ya yi suna. Kuɗin tikiti ba ya biyan ɗawainiyar aikin, shi ya sa hukumar tsibiran ke tallafa masa daga aljihun jama'a, kuma a ganina kuɗin bai tafi a banza ba.

A Papa Westray akwai Knap of Howar, gidajen dutse da suka haura shekara 5,000 suna tsaye. Masu binciken kayan tarihi da ke zuwa ganinsu kan shiga jirgi ɗaya da malamai da ma'aikatan lafiya. Ƙidayar 2011 ta sami mutum 90 a tsibirin, sama da adadin shekara goma kafin nan.